Tirok ɗin Siketbod: Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓensa da Daidaita Shi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin matasan Kaduna da suka fara hawa siketbod, wato allon nan mai tayoyi huɗu, da kuma iyayen da suke saya wa 'ya'yansu. Allunan da suke shigowa garin nan sau da yawa na gwanjo ne, ko kuma saƙo ne daga Legas, Abuja ko ƙasar waje, saboda haka mai allo yakan tsinci kansa da kayan da ba shi ya zaɓa ba, kuma ba kasafai yake samun wanda zai tambaya ba.

Mene ne tirok, kuma me ya sa ake ba shi muhimmanci haka?

Tirok shi ne ƙarfen nan mai siffar harafin T da ake ɗaurewa a ƙarƙashin allo, ɗaya a gaba ɗaya a baya, wanda tayoyi suke maƙale a jikinsa. Ba babbar mota ake nufi da sunan ba. Da makanikan Panteka ne suka raɗa masa suna, da sun ce masa ƙafa, domin aikin ƙafar mota yake yi, sannan ya haɗa da na sitiyari. Siketbod ba shi da abin tuƙi, don haka duk wata kwana da mahayi zai sha, da duk wata natsuwa da allon zai yi a ƙarƙashinsa, daga tirok take fitowa.

Allunan farko a Amurka da tirok ɗin takalmin taya aka haɗa su, siriri ne kuma ba ya juyawa yadda ake so. A tsakiyar shekarun 1970 ne kamfanoni irin su Bennett da Tracker suka fara ƙera wanda aka yi domin allo kawai, sannan Independent ya fito a Kalifoniya a 1978. Daga wancan lokaci zuwa yau tsarin bai canza sosai ba, kuma tirok mai kyau yakan ga bayan alluna da yawa kafin ya gaji.

Waɗanne sassa ne a jikinsa?

Akwai faranti, wanda kusoshi huɗu suke riƙe da shi a jikin katako. Akwai hanga, wato babban ɓangaren alminiyam mai faɗi, wadda sandar taya ta ratsa ta cikinta ta fito dama da hagu. Akwai kinfin, ƙatuwar kusar da ta haɗa hanga da faranti, da notinsa a kai. A jikin kinfin akwai bushin biyu na roba, ɗaya a ɓangaren allo ɗaya a ɓangaren titi, kowanne da woshar da take tallafe shi, kuma hanga tana zaune ne a tsakaninsu. Sai ɗan ƙahon da ya fito daga hanga ya shige wani rami a faranti, ramin kuwa an sa masa ƙoƙon roba domin kada ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe. Robar bushin ba irin ta tayar mota ba ce, ana kiranta yuretan, kuma ita ce irin wadda ake yin tayoyin allon da ita.

Ta yaya karkata jiki yake sa allo ya juya?

Idan mahayi ya danna gefe ɗaya da yatsun ƙafarsa ko da dunduniya, allon yakan karkata, sai hanga ta matse bushin ta wannan gefen. Da yake ƙahon hanga a karkace yake zaune cikin ƙoƙonsa, ba za ta iya sunkuyawa kawai ba, dole ta murɗa. Tayoyin gaba sai su fuskanci cikin kwanar, na baya kuma su fuskanci waje, allon ya zana baka. Da mahayi ya sassauta, bushin ya koma siffarsa ya mayar da hanga tsakiya. Wannan komawa tsakiya ita ce natsuwar da ake magana, kuma aikin roba ne, ba aikin noti ba ne, abin da za a sake tararwa a kusan kowace amsa da ke ƙasa.

Abu biyu ne suke ƙara tasiri. Na farko kusurwar da ƙahon yake zaune a kai: idan ta yi tsaye sosai, karkata kaɗan takan haifar da juyi mai yawa. Na biyu tazarar da ke tsakanin tirok ɗin gaba da na baya, wadda a allon wasa, wato gajeren allon da ake tsalle da shi, takan kasance wajen inci 14 zuwa 14 da rabi. Gajeriyar tazara tana shan kwana a matse, doguwa kuma tana ba da natsuwa, kamar bambancin Keke Napep da doguwar bas.

Wane faɗi ya kamata in saya?

Wanda tsawon sandar tayarsa, daga baki zuwa baki, ya yi daidai da faɗin allon. Allo mai faɗin inci 8, wato kimanin santimita 20 da ɗigo 3, yana son sanda mai inci 8. Mai inci 8.25 yana son 8.25; mai 8.5 yana son 8.5. Bambancin da bai wuce rubu'in inci ba, wato milimita 6, ba ya ɓata komai. Hanya mafi sauƙi ta dubawa ita ce a tsaya a kan allon a leƙa ƙasa: idan notin taya yana daidai da gefen katako, ko ya ɗan leƙo kaɗan, faɗin ya yi.

Tirok ɗin da ya fi allo ƙanƙanta yana sa allon saurin kifewa idan aka taka gefe, ko da yake yana sauƙaƙa juya allo a iska. Wanda ya fi allo faɗi yana ƙara natsuwa, amma tayoyin suna fitowa waje, kuma ƙafar da take tura ƙasa takan yi tuntuɓe da tayar baya, faɗuwar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Ga mai koyo, idan dole ne a kuskure, gara a kuskure ta wajen faɗi da ɗan kaɗan.

Lambobin da ake rubutawa, irin su 139 da 147 da 5.2, me suke nufi?

Kowane kamfani da yadda yake ƙirga nasa, kuma nan ne masu saye ta intanet suka fi yin asara. A Independent, 129 sandarsa inci 7.6 ce, 139 inci 8, 144 inci 8.25, 149 inci 8.5, 159 kuma inci 8.75. A Thunder, 147 ne yake da inci 8, 148 yake da 8.25, 149 yake da 8.5. A Venture, 5.2 ne na allo mai inci 8, 5.6 na 8.25, 5.8 na 8.5. Wasu lambobin faɗin hanga suke nunawa a milimita, wasu a inci, wasu kuwa suna ne kawai. Saboda haka kada a tambayi mai sayarwa lamba, a tambaye shi tsawon sandar taya, in da hali ya ɗora tef a kai ya turo hoto kafin a tura masa kuɗi.

Gajere ko dogo, wanne ya fi?

Tsawo a nan shi ne nisan da ke tsakanin katako da tsakiyar sandar taya. Gajeren tirok yakan tsaya ƙasa da milimita 50, matsakaici wajen 52, dogo kuma, irin na Independent da aka saba gani, milimita 55. Gajere yana kusantar da mahayi ga ƙasa, turawa ta yi sauƙi, allon ya natsu, amma ƙananan tayoyi kawai yake ɗauka, masu milimita 50 zuwa 53. Dogo yana barin sarari ga manyan tayoyi da kuma karkata mai zurfi.

A Kaduna wannan zaɓi ba shi da wahala. Ko a sababbin titunan cikin gari, gefen kwalta ba ya rabuwa da yashi da tsakuwa, harabar gidaje da yawa kuma intalok ce, wadda ƙaramar taya mai tauri take maƙalewa a gaɓoɓinta. Wanda zai riƙa yawo a irin waɗannan wurare yana bukatar taya mai milimita 54 zuwa 60 kuma mai laushi, wannan kuwa yana nufin matsakaicin tirok ko dogo, wani lokaci har da gammo, kamar yadda aka bayyana a tambayar taya mai cin allo. Gajeren tirok na wanda ya samu daɓen siminti mai santsi ne, irin na filin ƙwallon kwando.

Na ga wasu tirok ɗin da kinfin ɗinsu yake fuskantar waje. Kuskuren ɗauri ne?

Ya danganta da irinsa, domin iri biyu ne. Na gargajiya, wanda ake sa wa allon wasa, kinfin ɗinsa yana ɓoye a bayan hanga domin kada ya taɓa bakin dakali idan ana gurza, wato zamewa da hanga a kan bakin dakalin, kuma idan an ɗaura shi daidai, kinfin ɗin gaba da na baya suna kallon juna a tsakiyar allo. Na biyu shi ne na dogon allo, irin na kamfanonin Paris da Caliber da Bear, wanda kinfin ɗinsa ya ratsa hanga ta ɗaya ɓangaren, shi kuwa notinsa waje yake kallo, ɗaya wajen hancin allo ɗaya wajen wutsiya. Idan aka juya ko wanne daga cikinsu, sai mahayi ya karkata dama allon ya nufi hagu. Wannan kuskure yana faruwa sosai ga wanda ya kwance allonsa karo na farko, don haka ya kamata a ɗauki hoto kafin a kwance.

Irin na dogon allo ya fi tsawo, faɗin hangarsa yakan kasance milimita 150 zuwa 180, kuma ana rubuta kusurwarsa a jiki. Mai digiri 50 na yawo ne da shan kwana, mai digiri 43 ko 44 kuma na gudu ne a gangara, domin yana karkata sosai ba tare da ya juya da yawa ba. Wanda burinsa tsalle da gurza ne ba shi da bukatar wannan iri.

In ɗaure notin kinfin tamau ne, ko in sassauta shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsar da mai koyo yakan bai wa kansa ita ce ya ɗaure har sai allon ya daina motsi. Da farko yakan ji daɗin hakan, domin allon ya tsaya kamar benci. Sai dai allon da ba ya karkata ba ya juyawa, kuma ranar da ɗan acaɓa ko akuya suka ɓullo masa, ba shi da hanyar kaucewa sai dai ya ɗaga hancin allo ko ya yi tsalle ya bar shi. Ƙari a kan haka, idan ya taka gefe, maimakon roba ta shanye nauyin, tayoyin ɗaya gefen ne suke tashi sama.

Noti yana da iyakar da aka yi shi ya yi aiki a cikinta. Iyakar sassautawa ita ce zaren kinfin ya kama farar robar nan da ke cikin bakin noti, wadda take hana shi kwancewa da kansa. Idan bai kai nan ba, notin zai iya faɗuwa a kan hanya hanga ta fita. Iyakar ɗaurewa kuma ita ce kada zare ya leƙo sama da biyu ko uku a kan noti, kada kuma bushin ya kumbura ya fito ta gefen wosha. A fara daga inda hanga ta daina kwaramniya idan an girgiza ta da hannu, a hau a gwada, sannan a riƙa ƙara rubu'in juyi ana sake hawa. Duk wanda ya kai iyakar ɗaurewa bai samu natsuwar da yake so ba, bushin ɗinsa ne ya yi masa laushi, sai ya duba amsa ta gaba.

Ƙwararru ma sun sha bamban a kan wannan. An san Daewon Song da hawa tirok sako-sako har yana ƙara, alhali masu hawa manyan gangarorin katako da gudu sun fi son mai tauri. Mutane da yawa kuma suna barin na baya ya ɗan fi na gaba ɗauri, kuma dalilin hakan yana cikin amsar rawar allo.

Yaya ake zaɓen taurin bushin?

Ana auna taurin da lamba mai harafin A a ƙarshe, daga wajen 78A mai laushi ƙwarai zuwa kusan 100A mai tauri kamar katako. Yawancin tirok suna zuwa da matsakaici, misali na Independent 90A ne mai ruwan lemo. Kamfanin Bones kuma yana da mai laushi 81A, matsakaici 91A, da mai tauri 96A. Launi ba ma'auni ba ne, domin ja a wani kamfani yana iya zama mai laushi, a wani kuma mai tauri.

Nauyin jiki shi ne abin dubawa na farko, domin robar da za ta yi wa mai kilo 45 tauri, mai kilo 90 zai latse ta har ƙasa. A matsayin wurin farawa kawai, wanda bai kai kilo 50 ba ya nemi tsakanin 78A da 85A, mai kilo 50 zuwa 80 ya zauna a kan 88A zuwa 92A, wanda ya haura haka ya fara daga 94A. Daga nan sai a gyara gwargwadon wasa: mai son kwana ya sauko mataki ɗaya, mai son gudu ya hau mataki ɗaya. Bushin yana cikin sassan tirok masu araha, kuma shi ne ya fi canza halinsa, don haka duk wanda zai yi saƙon kaya daga Legas, ya kamata ya haɗa da saiti biyu masu tauri daban-daban maimakon ya sake biyan kuɗin mota daga baya.

Siffar bushin da ta wosha suna da wani tasiri?

Suna da shi. Bushin mai tsini, wanda kansa ya fi gindinsa ƙanƙanta, yana barin hanga ta karkata cikin sauƙi. Mai siffar ganga, wanda samansa da ƙasansa ɗaya ne, ya fi yawan roba, don haka ya fi tirjiya da saurin komawa tsakiya. Abin da aka fi yi shi ne ganga a ɓangaren allo, inda nauyi yake sauka, mai tsini a ɓangaren titi. Tsini biyu na mai son juyi sosai ne, ganga biyu kuma na masu gangara da dogon allo. Wosha mai baki kamar murfin kwalba tana tare roba ta rage karkata, shimfiɗaɗɗiya kuma tana sake ta. Abin da ba a so shi ne a canza tsawon bushin ɗin ɓangaren allo, domin idan ya gajarta ko ya yi tsawo, ƙahon hanga ba zai zauna daidai a ƙoƙonsa ba, sai ya riƙa cin ƙoƙon, ya kuma matsa wa kinfin.

Taya tana cin allo idan na sha kwana, sai in faɗi. Mene ne magani?

Alamar wannan matsala ita ce baƙin tabo ko ɗan kwarmi a ƙarƙashin katako daidai saitin taya. Idan karkata ta yi zurfi, taya ta taɓa katako, sai ta tsaya cak kamar an taka birki, mahayi kuwa ya wuce gaba. Kafin a hau sabon haɗi, a tsaya a kan tabarma ko ciyawa a danna gefe da dukkan nauyi, wani ya duba ko akwai sauran sarari.

Magani na farko shi ne gammo, wato ɗan faifan roba da ake sakawa tsakanin faranti da katako domin ya ɗaga allon, wanda masu wasan suke kira raiza. Akwai mai kaurin milimita 3, akwai mai 6, akwai mai 12 na manyan tayoyi. Gammo yana bukatar kusoshi masu tsawo: inci ɗaya ya isa idan babu shi, mai milimita 3 yana son inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, mai 6 kuma inci ɗaya da rubu'i. Sauran magungunan su ne bushin mai ɗan tauri, ko ƙaramar taya, ko a goga kyandir a wurin tabon domin taya ta zame maimakon ta kama. Ƙara ɗaure noti shi ne na ƙarshe, saboda dalilan da aka kawo a baya.

Me ke sa allo ya kama rawa idan gudu ya yi yawa?

Rawar takan fara ne daga tirok ɗin baya. Wani ɗan tudu ko tsakuwa ya karkatar da allo, roba ta mayar da shi har ya zarce tsakiya, mahayi ya tsorata ya ƙanƙame idon sawunsa yana neman gyarawa, gyaran ya zo a makare ya ƙara wa abin ƙarfi, cikin daƙiƙa kaɗan allon ya watsar da shi. Rabin maganin yana jikin mahayi: ya durƙusa, ya mayar da mafi yawan nauyinsa kan ƙafar gaba daidai saman tirok, ya saki jikinsa. Wanda ya ja da baya saboda tsoro ya ɗora nauyi a daidai inda rawar take fitowa.

Sauran rabin yana ga kaya. A sa wa baya bushin da ya fi na gaba tauri, a tabbata ƙoƙon roba bai cinye ba, a kuma duba kusoshin faranti. Akwai gammo mai siffar weji, kauri a gefe ɗaya siriri a ɗaya, wanda yake canza kusurwar tirok: idan aka sa shi a baya da kaurinsa wajen wutsiya, juyin baya yakan ragu allon ya natsu, idan kuma aka sa shi a gaba da siririn wajen hanci, juyin gaba yakan ƙaru. Duk da haka, babu daidaitawar da za ta sa gangaren gadar Kawo ko titin Ahmadu Bello da rana tsaka su zama wurin gwaji, haka nan kama bayan Keke ko mota domin ta ja mutum. Allon wasa ba a yi shi domin irin wannan gudu ba, kuma a koyi tsayawa da jan ƙafa a ƙasa kafin a nemi gangara, da hular kwano a kai.

Allona yana karkata gefe ɗaya ko da ba kowa a kai. Ya lalace ne?

Yawanci bai lalace ba. Sabon bushin yana ɗaukar 'yan kwanaki ana hawa kafin ya zauna, kuma kowa yana da gefen da ya fi dannawa. A danna ɗaya gefen sau da yawa, a ci gaba da hawa ba tare da an taɓa noti ba. Idan abin ya ƙi, a kwance a duba ko bushin ya tsage, ko wosha ta lanƙwashe, ko faranti ya zauna a karkace saboda ramukan katako sun buɗe. Abin lura shi ne yadda allon yake tafiya da mutum a kai, ba yadda yake gangarawa shi kaɗai ba.

Yanayin Kaduna yana shafar tirok? Nawa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Yana shafarsa ta hanya uku. Yuretan yana laushi da zafi, yana tauri da sanyi, don haka tirok ɗin da aka daidaita da sanyin safiyar Janairu zai zama sako-sako a zafin Maris da Afrilu, kuma rubu'in juyi ya isa gyara wannan. Kada a bar allo a but ɗin mota ko a rana tsawon yini. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ƙoƙon roba ta busar da shi, ita ce take kawo ƙarar nan. A kwance hanga, a goge ƙoƙon da tsumma, a kankare ɗan sabulun wanka ko kyandir a zuba a ciki, ƙarar za ta ɗauke. Baƙin mai ko giris ɗin mota suna tara ƙura su zama kamar sanfefa, gara a bar su. Da damina kuwa, musamman a Agusta, sandar taya da kinfin da boris su ne suke tsatsa, katako kuma ya sha ruwa ya yi lakwas, don haka idan allo ya jiƙe a goge shi a shanya a inuwa.

Waɗanne sifanu nake bukata, kuma zan samu noti a kasuwa idan nawa ya ɓace?

Awon siketbod na inci ne, irin na Amurka: notin kinfin 9/16, notin taya 1/2, notin faranti 3/8, kan kusar kuma na sukundireba mai kuros ne ko na alanki. Akwai sifana ɗaya mai siffar T da ta haɗa dukkansu, kuma ta cancanci kuɗinta. Sifanun da ke hannun makanikanmu na milimita ne: lamba 13 tana kama notin taya, lamba 10 tana kama na faranti da ɗan sako-sako, amma a notin kinfin lamba 14 takan matse, 15 kuma ta zame ta cinye kusurwoyinsa, saboda haka sifana mai daidaitawa ta fi.

Batun noti ya fi haɗari. Boris ɗin taya mai lamba 608 ne, ramin cikinsa milimita 8, kuma ana samun irinsa wajen masu kayan injina. Wannan yakan sa a zaci notin milimita 8 na kasuwa zai hau sandar, alhali zarensu ba ɗaya ba ne, kuma idan aka tilasta shi zai cinye zaren sandar. A tafi da tsohon notin a gwada da hannu, in bai shiga da yatsu ba a bar shi. Wajen ɗaure taya, wosha ɗaya a ciki ɗaya a waje, a ɗaure har ta tsaya sannan a sassauta kaɗan yadda za ta juya sakayau.

Na ga allo a wajen 'yan gwanjo. Me zan duba a tirok ɗinsa?

A fara da sunan da aka zuba a jikin hanga ko faranti, domin tsohon Independent, Thunder, Venture, Ace ko Tensor ya fi sabon da ba shi da suna. Gurzuwar da ke ƙasan hanga ba aibu ba ce muddin ba ta kai ga sandar ciki ba. A duba tayoyi a ga ko sun zauna a karkace, alamar sanda ta lanƙwashe. A nemi tsaga a gindin hanga da kewayen ramukan faranti, a girgiza kinfin a ji ko yana motsi a mazauninsa, a kuma duba zaren bakin sanda. Bushin da ƙoƙon roba da suka mutu ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Wani abu kuma shi ne ramuka: tsofaffin alluna na kafin farkon shekarun 1990 tazarar ramukansu inci biyu da rabi ce, na yanzu kuma inci biyu da ɗaya bisa takwas, shi ya sa wasu farantan suke da rami shida.

Yarona shekararsa tara, na saya masa allo a kantin kayan wasa amma ba ya juyawa. Me za mu yi?

Alhaji ko Hajiya, ku fara da kifa allon ku danna hanga da hannu. Idan ba ta motsa ba, ku sassauta notin kinfin zuwa iyakar da aka ambata a tambayar ɗauri, yaron ya hau ku riƙe hannunsa ya karkata dama da hagu. Idan har yanzu shiru, to abin da aka sa a matsayin bushin busasshiyar roba ce, kuma canza shi da mai laushi, 78A zuwa 81A, yakan farfaɗo da allon matuƙar tirok ɗin na ƙarfe ne. Idan kuwa hangar kanta ta roba ce, kada ku ƙara kashe kuɗi a kansa, ku nemi allo mai faɗin inci 7.25 zuwa 7.75 da tirok ɗin alminiyam daidai da shi. Nauyin yaro ba ya isa ya latsa bushin ɗin manya, kuma yaran da yawa da ake cewa sun kasa koyo, allon ne bai ba su dama ba.

Hanga ta tsage. In kai wa mai walda, ko in sayi sabo mai tsada?

Kada a kai walda. Alminiyam ɗin hanga zubi ne da aka gasa domin ya yi ƙarfi, zafin walda kuma yana kashe wannan ƙarfin, sai ta sake karyewa a lokacin da mutum yake kai. Haka nan sandar da ta lanƙwashe, ko an miƙe ta ba ta komawa yadda take. Kinfin da ya karye dai ana fitar da shi da guduma a buga sabo, zaren da ya ɗan lalace a bakin sanda kuma ana gyara shi da abin fitar da zare na awon inci, wanda wasu sifanun T suke zuwa da shi. Yanka tayar mota ko silifa a yi bushin yana iya kai mutum gida, amma irin wannan roba ba ta mayar da hanga tsakiya.

Game da tsada, abin da ake biya a manyan samfura yawanci rage nauyi ne: kinfin da sanda masu rami a ciki, sandar titaniyam, ko hangar magnisiyam irin ta Tensor. Waɗannan suna amfanar mai tsalle da juya allo a iska, amma ba su ƙara juyi ko natsuwa. A sayi samfurin da aka saba na kamfani sananne, a sayi biyu iri ɗaya domin gaba da baya su yi tsawo ɗaya, sannan a ajiye lafiyayyen tsohon, domin farantinsa da woshoshinsa da notinsa za su yi amfani ranar da wani ya ɓace.